Ruwa na kwashe min gona a Dakace, ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum manoma. Gonata na gefen Dakace, a gangaren da ke sauka wajen Galma. Duk ruwa mai ƙarfi sai ya taho daga gonakin sama ya fasa min kunyoyi, ya tafi da takin da na zuba. Har kwazazzabo ya fara tsagawa a tsakiya. An ce in haƙa ƙananan ramuka in tare ruwan. Ya ake yi, kuma ba zai kashe min masara ba?

Manomi daga Shika: Wa alaikumus salam. Haƙa rami mai siffar rabin wata irin na mutanen Tawa a Nijar, bakinsa na kallon tudu. Da shi suka farfaɗo da fako.

Tsohon malamin gona, Samaru: Ɗan'uwa, a bi a hankali. Ruwan Tawa bai kai rabin namu ba. Zariya muna samun wajen milimita 1000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba, ga ƙasarmu tana yin ɓawo bayan ruwa, ba ta sha da sauri. Ka cika gona da ramuka, Agusta na zuwa masara za ta tsaya cikin ruwa ta yi ɗorawa.

Fara daga sama, inda ruwan ke shigowa. Haƙa rami mai faɗi, zurfinsa kada ya wuce gwiwa, ka tara ƙasar ta gefen gangare ka daddaɓe. Wajibi ne ka bar masa mafita, ka jera mata duwatsu. Ramin da ba mafita in ya ɓalle, ɓarnarsa ta fi ta da. Kunyoyi kuma su gitta gangaren, ka riƙa datse kwarin kunya duk bayan taku biyu ko uku. Datsen ya gaza kunyar tsayi. In ruwa ya yi yawa sai ka buɗe wasu.

Wata 'yar'uwa daga Wusasa: Malam ya gama magana. Sai dai a kula da yara masu kai abinci gona, ramin nan cika yake yi.

Mai tambaya: Na gode Malam, Allah ya ƙara girma. Kwazazzabon fa?

Tsohon malamin gona: Kada ka zuba masa ƙasa kawai, ruwan farko zai kwashe. Jera duwatsu ko buhunan yashi a gicciye daga kansa, tsakiya ta fi gefe ƙasa, ka dasa jema ko gamba a bayansu. Haƙan kuma da bazara ake yi. Ka je ka sami mai gonar sama tun yanzu, don daga wurinsa ruwan ke tara ƙarfi.