Dan Allah ku ba ni shawara, kulob ɗinmu za su kwana cikin duwatsu a wannan sanyin

Ɗan Aberdeen: Salamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗalibin digiri na biyu ne a Aberdeen ta Scotland a Birtaniya, na zo watan Satumba, kuma tunda na zo daga ɗaki sai aji sai wurin aikin dare, ba ni da abokin hira ko ɗaya, iyalina suna Kano saboda dokar nan ta 2024 da ta hana irinmu zuwa da mata da yara, abin ya dame ni har barci ba na iyawa, shi ne likita ta ce in dinga fita ina shiga mutane. To na shiga kulob ɗin masu hawan dutse. Yanzu sun shirya tafiya Asabar a dawo Lahadi, za a kwana a wani ɗaki cikin duwatsu da suke ce wa bothi, na riga na biya fam 40 na mota. Hajiyarmu ta ji ta ce ba da yawunta ba. In je ko in haƙura?

Injiniya Glasgow: Wa alaikumus salam. Ƙanina ka ba mu tarihin rayuwarka amma ba ka faɗi abin da ake buƙata ba. Wane bothi? Ku nawa ne? Wane takalmi gare ka?

Ɗan Aberdeen: Corrour suka ce Yaya, za a ajiye mota a wani wuri Linn of Dee bayan ƙauyen Braemar. Mu 9 ne. Ina da kambas mai kyau da jaket mai kauri da na saya a gwanjo.

Injiniya Glasgow: Kambas? Inna lillahi. Saurara da kyau. Daga Linn of Dee zuwa Corrour wajen kilomita 13 ne a ƙafa, da kaya a bayanka, kuma a Janairu ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. Braemar ɗin nan da za ku bi, can aka taɓa auna sanyi digiri 27 ƙasa da sifili a 1982. Bothi ba otal ba ne, ɗakin dutse ne a buɗe kyauta, ba wutar lantarki ba famfo ba katifa, ko gawayin da za ku hura a bayanku za ku ɗauko shi, kuma ba a kama wuri, in kun tarar ya cika sai tanti a waje. Ƙungiyar da ke kula da su ma cewa take taron mutum 6 zuwa sama kada su je, Corrour kuwa ɗan ƙurƙut ne. Ku 9 a ina za ku kwanta? Ba takalmin dutse da ruwa ba ya shiga, ba jakar barci ta hunturu, ba tocilan goshi, kada ka taka ko'ina.

Maman Ilham: Ni duk ba wannan ba, mahaifiya ta ce a'a, magana ta ƙare. Mu nan Leeds kuɗin gas kawai ya ishe mu, wancan watan da na ga takardar sai da na zauna a ƙasa, mai gidan hayar kuma ya ƙi gyara tagar da iska ke shigowa tun Nuwamba, yara duk mura. Ana gudun sanyi kai kana biyan kuɗi ka je wurinsa.

Ɗan Aberdeen: Anti ai ba ta gane ba ne, ita a zatonta daji ne mai namun dawa. Kuma shugaban tafiyar ya ce sun sha zuwa.

Abu Hanif: Ka je abinka malam. Haka aka yi ta tsorata ni na shekara 3 ban san komai a ƙasar nan ba sai tashar bas. Yawancin kulob ɗin nan suna ba da aron kaya, ka tambaye su. Kada dai ka sa wandon jins ko rigar auduga a ciki, in ta jiƙe da gumi ba ta bushewa.

Injiniya Glasgow: "Sun sha zuwa" ba hujja ba ce. A Nuwamba 1971 'yan makaranta daga Edinburgh suka hau saman dutsen Cairngorm tare da masu kula da su, guguwar ƙanƙara ta rufe su, mutum 6 suka mutu. Wannan yankin ne dai. Abu Hanif kai da rani ka je, kada ka ingiza yaro.

Abu Hanif: Yaya ai waɗancan saman dutsen suka bi, hanyar Corrour ta kwari ce. Komai sai ka mayar da shi abin tsoro.

Malam na Bradford: Ba wanda ya yi maganar sallah. Tafiyarku ta kai ta kasaru, ka haɗa azahar da la'asar. In ruwan zai cutar da kai ka yi taimama da dutse. Abin da ya fi damuna shi ne kwanan, maza da mata ɗaki ɗaya, kuma ka san sai sun fito da kwalba.

Abu Hanif: Ya ɗumama ruwa a risho ya yi alwala, ya yi shafa a kan safa, shike nan.

Malam na Bradford: A mazhabarmu huffi na fata ake shafa a kai, ba safar ulu ba.

Ɗan Aberdeen: Maganar giya ba matsala, sun san ba na sha. Ni dai fam 40 ɗin nan ba sa mayarwa, kuma in na fasa yanzu ba za su ƙara kirana ba. Inhela ta ma zan tafi da ita.

Injiniya Glasgow: Asma gare ka?? Sai yanzu kake faɗa? Shugaban tafiyar ya sani? Iska mai sanyi ita ke tayar da ita, kuma a kwarin nan waya ba ta cika samun sabis ba, in abu ya faru 999 ake kira a nemi 'yan sanda su turo masu ceto, awanni kafin su iso. Ka ce musu ka tsaya a wani bothin da ake ce wa Bob Scott's kusa da Derry Lodge, bai kai rabin tafiyar ba, ko ka bari sai Mayu.

Ɗan Aberdeen: Ba mai tsanani ba ce Yaya, rabon da ta tashi tun ina Kano lokacin ƙura. In na faɗa musu za su cire sunana. Akwai mai takalmi lamba 43 a Aberdeen ya ara min zuwa Litinin?

Maman Ilham: Allah ya kyauta. Wai akwai wanda ya san inda ake kai ƙarar mai gidan haya?