Saba ta daina gane sunayen shafuka bayan an sake kunna ta

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Saba (server, kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima) ce mai Ubuntu 22.04. Da zarar an kashe an kunna, `ping 8.8.8.8` na tafiya, amma `ping google.com` sai ya ce "Temporary failure in name resolution". In na sa `nameserver 8.8.8.8` a /etc/resolv.conf sai ta gyaru, an sake kunnawa kuma ya goge. Ina matsalar take?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam malam. Layinka lafiya lau, matsalar DNS ce, wato tsarin da ke fassara sunan shafi zuwa lambar adireshinsa. Wancan fayil na /etc/resolv.conf nuni ne kawai zuwa /run/systemd/resolve/stub-resolv.conf, shi kuwa /run a RAM yake, duk kunnawa sabo ake rubutawa. A fayil ɗin saitin sadarwa da ke cikin /etc/netplan za ka gyara: ƙarƙashin sunan katin sadarwar ka ƙara `nameservers`, ƙasansa `addresses`, ka jera 8.8.8.8 da 1.1.1.1. Kula da tazarar farkon layi, YAML, tsarin rubutun fayil ɗin, ba ya karɓar tab. Sai `sudo netplan try`. In ba ka amince cikin daƙiƙa 120 ba zai mayar da tsohon saiti, don kada SSH, hanyar shiga sabar daga nesa, ya yanke maka.

Amsa ta 2: Kafin nan duba `systemctl is-enabled systemd-resolved`. In systemd-resolved, mai kula da DNS a sabar, a kashe yake, babu mai amsawa a 127.0.0.53, adireshin da sabar ke tura tambayar sunaye. Kunna shi da `sudo systemctl enable --now systemd-resolved`, sannan `resolvectl status` ya nuna maka DNS ɗin da katin ya samu.

Amsa ta 3: In VPS ce, wato sabar haya a intanet, cloud-init, manhajar da ke saita ta lokacin kunnawa, na iya sake rubuta 50-cloud-init.yaml da ke /etc/netplan. Sa gyaranka a sabon fayil, 99-dns.yaml, domin mai babbar lamba shi ke rinjaye.