Kofin Eisenhower na golf: yaya ake lissafin makin ƙasa?

Dan_Tudu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya a kan gasar golf ta duniya ta maza 'yan sha'awa, wato waɗanda ba su mai da wasan sana'a ba, wadda ake kira Kofin Eisenhower. Kowace ƙasa mutum uku take kaiwa, amma jimillar da ake nunawa a allo ta yi kaɗan a ce ta mutum uku ce. Na ukun ɗan benci ne ko yaya? Kuma in ƙasashe biyu suka yi kunnen doki, me ake yi? Sannan mene ne ke sa a ce mutum ɗan sha'awa ne, tunda ana ganin wasunsu da tambarin kamfani a hula?

Malam_Mai_Alkalami:

Wa alaikumus salam Malam Dan_Tudu. Babu ɗan benci, duk ukun suna bugawa kowace rana. Kwana huɗu ake yi, rami 18 a kowace rana, jimilla rami 72 ga kowane ɗan wasa. Ƙidayar bugu ake yi, mai ƙarancin bugu shi ne a gaba. Da yamma sai a ɗauki kati biyu mafi kyau daga cikin ukun, wato takardun da aka rubuta bugun kowa, a tara, a ajiye na ukun gefe. Gobe kuma a sake zaɓe daga farko. Wannan shi ne wurin da mutane ke ruɗewa: rana ake zaɓa wa kati, ba mutum biyu ake zaɓa wa gasar ba.

Ga misali da alƙaluman da na ƙaga don bayani. Ranar farko 'yan wasan sun buga 68, 71, 75, ƙasa ta samu 139. Rana ta biyu 74, 70, 69, an jefar da katin wanda ya fi kowa jiya, an sake samun 139. Rana ta uku 70, 72, 72, wato 142. Ranar ƙarshe 69, 77, 70, wato 139. Jimilla 559. Idan ƙa'idar filin, wato adadin bugun da aka tsara wa rami 18, bugu 72 ce, kati takwas sun kama 576, ke nan ƙasar tana ƙasa da ƙa'ida da bugu 17.

Yanzu tara wa kowa nasa: na farko 281, na biyu 290, na uku 286. Da a ƙarshen gasa ake zaɓar mutum biyu, 281 da 286 za su ba da 567. Bambancin bugu takwas ne, kuma daga wannan na biyun da ya zo ƙarshe a cikinsu ya fito, don katinsa ya shiga lissafi a kwanakin da aka buƙace shi. A gasar da Denmark ta ci a 2018 a Ireland, da bugu ɗaya ta wuce Amurka. Italiya ma da bugu ɗaya ta wuce Suwidin a Faransa a 2022. To ka ga abin da bugu takwas ke nufi.

Shi ya sa mai zaɓen tawaga bai cika son mutum uku masu buga 72 kullum ba. Wanda zai iya buga 66 yau ya buga 76 gobe ya fi amfani a wannan tsarin, muddin sauran biyun ba su lalace rana ɗaya da shi ba.

Baban_Ummi:

Malam ya yi bayani, sai dai a ƙara cewa tsarin mutum uku ba tun asali ba ne. Daga 1958 zuwa 2000 mutum huɗu ake kaiwa a ƙirga kati uku. A 2002 aka koma uku a ƙirga biyu, kuma a shekarar ne Ingila, Sukotland, Wales da Ireland suka fara zuwa kowa da tawagarsa, da can a dunƙule suke. Saboda haka kada ka gwada jimillar da da ta yanzu, ba mudu ɗaya aka auna su da shi ba.

An fara gasar a St Andrews da ke Sukotland a 1958, aka sa mata sunan shugaban Amurka na lokacin, Dwight Eisenhower. A wannan karon farko ma kunnen doki aka yi: Ostireliya da Amurka kowa 918, aka sake buga rami 18, Ostireliya ta ci 222 da 224. Bobby Jones ne kyaftin ɗin Amurka. A 1960 a filin Merion da ke Amurka, Jack Nicklaus ya buga 269, Amurka ta ci da ratar bugu 42. Wannan 269 ta daɗe ba a karya ta ba, sai da Jon Rahm na Sifaniya ya buga 263 a Japan a 2014.

Yanzu ba a komawa fili in an yi kunnen doki a matsayi na ɗaya. Katin nan da aka ajiye gefe a ranar ƙarshe shi ake ɗaukowa a gwada. A gasar mata, Kofin Espirito Santo, haka Suwidin ta ci Amurka a 2022. Don haka ɗan wasan da ya ga ranarsa ta ɓaci ya saki jiki a rami na 15, yana iya zama shi ya zubar da kofin.

Alkalin_Fili:

Ni abin da zan ja hankali a kai shi ne inda ake asarar bugu ba tare da an taɓa ƙwallo ba, don a nan ƙananan tawagogi ke faɗuwa.

Kati tukuna. Ba kai ke rubuta naka ba, ɗan wata ƙasa da kuke tafiya tare shi ke rubutawa, kai ma ka rubuta na wani. In an gama, ka bi rami-rami ka duba kafin ka sa hannu. In an rubuta maka 5 a inda ka buga 4 ka sa hannu, 5 ɗin ta zauna. In an rubuta 4 a inda ka buga 5, an soke katin. Haɗa jimilla ba aikinka ba ne, na kwamiti ne, lambar kowane rami ce a wuyanka. Katin mutum ɗaya ya tafi, dole a ƙirga na sauran biyun ko da ɗaya ya buga 80.

Sanduna kada su wuce 14 a jaka. In an samu ta 15, tarar bugu biyu ce a kowane ramin da aka buga da ita a jakar, iyaka bugu huɗu a zagaye. Yawanci sandar da aka yi atisaye da ita da safe ce ake mantawa a ciki, don haka a ƙirga a gaban mai sallama kafin bugun farko. Lokaci kuma ba wasa: ka makara da abin da bai wuce minti biyar ba, bugu biyu, ka wuce haka, ka fita daga zagayen.

Ƙwallo in ta ɓace, minti uku kawai ake nema tun daga dokokin 2019, da can biyar ne. Ba a gan ta ba, ka koma inda ka buga da tarar bugu ɗaya, wato daga wurin farawa bugu na uku za ka yi. Maganin tafiyar banza shi ne ƙwallon ko-ta-kwana: in kana shakka, ka faɗa a fili cewa ta ko-ta-kwana ce kafin ka buga. In ka sake bugawa shiru ba ka faɗa ba, sabuwar ta zama ƙwallonka da tara, ko da an tsinci ta farkon a wuri mai kyau.

Sai shawara, wadda ta fi kama mutane don ana ganin ai tawaga ɗaya ce. Ɗan ƙasarku da ke cikin nasa zagayen ba abokin bugunka ba ne a doka. Ka hange shi ka tambaye shi wace sanda ya ɗauka a rami na 7, bugu biyu ne a kanka, in ya amsa shi ma biyu. Wanda aka miƙa sunansa ga kwamiti a matsayin mai ba da shawara, kyaftin ko koci, shi ne ke da bakin magana. Tambayar nisa ko doka ba ta cikin shawara.

Hajiya_Mai_Sanda:

Batun hula da tambari, Malam Dan_Tudu, dokar ta sauya a 2022. Hukumomin R&A da USGA, masu rubuta dokokin golf, sun bar ɗan sha'awa ya karɓi tallafin kamfani ya yi talla. Abin da ke fitar da shi: karɓar kyautar da ta haura fam 700 ko dala 1,000, shiga gasa da sunan ƙwararre, karɓar kuɗi don koyar da bugu, ko kama aikin ƙwararren kulob. Akwai 'yan togaciya a batun koyarwa, kamar malamin makaranta, amma matashin da ke karɓar na goro yana gyara wa mutane riƙon sanda ya yi hattara.

Shiga gasar ma ta ƙara wuya. A 2018 ƙasashe 72 suka buga a fili biyu. Daga 2023 a Abu Dhabi hukumar golf ta duniya, IGF, ta rage zuwa 36 a fili ɗaya, ta mai da gasar shekarun mara, kuma matsayin 'yan wasan ƙasa a jadawalin duniya na 'yan sha'awa, WAGR, shi ake dubawa. Mutum ba ya sa kansa, hukumar golf ta ƙasarsa ce ke nema. Ƙasar da 'yan wasanta ba sa buga gasannin da ake ba da makin jadawalin, ko sun iya, ba wanda zai gan su a takarda. A nahiyarmu gasar 'yan sha'awa ta Afirka da R&A ta fara a filin Leopard Creek na Afirka ta Kudu a 2024 tana cikin ƙofofin samun makin. Afirka ta Kudu, wadda ta fi kowa yawan irin waɗannan gasanni a nahiyar, ita ta ɗauki kofin a Singafo a 2025, karonta na farko.

Dan_Tudu:

Allah Ya saka da alheri. Malam Alkalin_Fili, wanda aka soke katinsa ranar farko, zai buga gobe?

Alkalin_Fili:

A gasar tawaga irin wannan sokewar ta zagayen ranar ce, gobe ya fito katinsa ya shiga lissafi. Sai fa in kwamiti ya kore shi saboda mummunar ɗabi'a, kamar maguɗi da gangan, to wannan ya gama, sauran biyun su ƙarasa babu katin jefarwa.