Za a kai Baba Chaina maganin ciwon daji, 'yan uba sun hana sayar da fili

Maman Sadik, Aboabo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku ban runtsa ba. Babanmu ɗan goro ne, shekara arba'in yana kai kaya Legas har ƙafa ta gaza. Mu bakwai ne, ɗaki biyu, ni ce babba a ɗakinmu, kuma tun rasuwar Inna komai a kaina yake. 'Yan ɗaya ɗakin sai dai su leƙo ranar Juma'a da lemo a leda. Bara da azumi ya fara cewa tuwo na tsaya masa a wuya, muka yi ta citta da zuma da rubutu. Yanzu koko ma sai na tace sau biyu, cokali huɗu ya kawar da kai. An ce daji ne, ya yi nisa, an yi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, sau uku. Ƙanina ya samu wani mutum da ya ce akwai asibiti a Chaina da ke allurar gyaran ƙwayoyin halitta a haɗa da kemo, ƙari ya narke. Mun tura kafin alƙalami ta momo, wato kuɗin waya. Cikon sai an sayar da filin Baba, 'yan ɗaya ɗakin kuma sun ƙi. Ya zan shawo kansu?

Hajiya ta Asawase: Allah ya ba shi lafiya, 'yata. 'Yan uba kam na san su. Da Alhajina ya kwanta, ko sidi ɗaya ba su kawo ba, amma ranar sadakar bakwai har da mai tambayar takardar shago.

Baban Ummi, ma'aikacin jinya: Ƙanwata, dakata da zancen fili. Dajin ina ne, maƙogwaro ko hanyar abinci? Me takardar gwajin tsoka ta ce? Allurar da mutumin ke nufi, in gaskiya yake faɗa, Gendicine ce. Chaina ta amince da ita a 2003 don dajin kai da wuya. Ƙwayar cutar mura ake raunanawa, a ɗora mata ƙwayar halitta mai suna p53, wadda aikinta hana ƙwayar jiki da ta lalace ci gaba da hayayyafa, a tsira a cikin ƙarin. Tare da gashi, wato ƙona ƙari da hasken na'ura, ko kemo ake ba da ita. Har yau Amurka da Turai ba su amince da ita ba. Duk wanda ya ce miki ƙari zai narke bai ga hoton majinyaci ba, dillali ne.

Ɗan Kejetia: Ni dai na ce ku tafi. Mun tsaya lissafi da mahaifiyata har ta rasu, filin na nan ciyawa ta cinye, ni kuma ban ƙara barci mai daɗi ba. Amma Indiya ta fi sauƙi, na ji suna wanke jini su mayar.

Baban Ummi: Ba wanke jini ba ne, CAR-T ake ce masa. Ana ɗibar sojojin jinin mutum, a sauya musu ƙwayar halitta su gane daji, a mayar. Na farko da Amurka ta amince da shi a 2017 dala 475,000 ne, Indiya ta fitar da nata mai rahusa a 2023. Na dajin jini ne, ba ruwansa da wuyan Baba. In haɗi ake nema, akwai pembrolizumab mai tayar da garkuwar jiki, tun 2019 Amurka ta yarda a haɗa shi da kemo a dajin kai da wuya da ya bazu. Shi ma tsada, kuma ba kowa yake yi wa aiki ba. Ki tambayi likitansa. Ki tambayi gashi kuma, ana yi a asibitocin Komfo Anokye da Korle Bu a nan Ghana. Mai cin cokali huɗu robar abinci da maganin zafi yake buƙata kafin jirgi.

Maman Sadik: Yaya, mutumin ba ɗan damfara ba ne, sahu ɗaya suke sallah da ƙanina. Ya nuna mana bidiyon waɗanda suka warke. Takardun suna wurinsa don biza. Roba kuwa Baba ba zai yarda ba, na san halinsa.

Baban Ummi: Kin ba shi na asali? Ki karɓo gobe. Ki ce ya ba ki sunan asibitin da wasiƙar likitan da ya duba su.

Hajiya ta Asawase: Kai ma ka sassauta, yarinya na cikin tashin hankali. Ku 'yan asibiti kullum sai kashe gwiwa. Haka wata ta daka mini tsawa gaban surukaina.

Malama Nima: Shi Baban an tambaye shi? Filinsa ne, jikinsa ne.

Maman Sadik: Ba mu faɗa masa sunan ciwon ba, gyambon wuya muka ce. Ni ba wannan na tambaya ba. Akwai wanda ya san dattijon da zai yi wa 'yan ɗakin can magana? Mutumin ya ce zuwa ƙarshen wata gurbin zai wuce mu.