Wace na'urar gem ce batirinta zai kai ni Abuja?

Sagir Rogo: Assalamu alaikum. Don Allah shawara nake nema. Kun san yanzu kusan duk sati biyu sai na bi hanyar Abuja, kuma daga Jos awa huɗu zuwa biyar ne a mota, in aka haɗu da cunkoson Mararaba ma ya wuce haka. Wani ya kawo min Switch ta kamfanin Nintendo wadda aka yi amfani da ita, wani kuma yana cewa in ƙara kuɗi in ɗauki Steam Deck. Ni dai batir ne damuwata, don layinmu sai a kwana biyu ba a kawo wuta ba. Wacce zan ɗauka, kuma wane pawa bank zan haɗa da ita?

Mubarak: Wa alaikumus salam. Switch, ka huta.

Abba Rikkos: Wace Switch ɗin? Ai ba ɗaya ba ce.

Sagir Rogo: Mai hannu ja da shuɗi.

Abba Rikkos: Kusan duk haka suke zuwa, Sagir. Juya ta ka duba lambar da ke ƙasanta kusa da ramin caji. In ta fara da XA to ta farko ce, ta 2017, kamfanin da kansa awa biyu da rabi zuwa shida da rabi ya ce tana yi, kuma tana sabuwa ke nan. In ta fara da XK ita ce wadda suka gyara a 2019, mai jan kwali, awa huɗu da rabi zuwa tara. Batirin girmansa ɗaya, 4,310 mAh, ƙwaƙwalwar ce aka canza ta rage cin wuta. Mai allon OLED ta 2021 ma awowinta ke nan. Kar ka biya kuɗin XK a ba ka XA.

Sagir Rogo: Na gode Yaya Abba, bari in ce ya turo hoto.

Bashir Gangare: Sagir, kafin ka fitar da ko sisi ka saurare ni, don abin da ya same ni ba na so ya samu kowa a nan. Bara ɗan yayata ya taho min da Steam Deck daga Amurka, irin ta farko mai batir 40Wh. Cajarta ta asali mai wat 45 ce, amma bakinta irin na can ne, falalan ƙarfe biyu, sai da adafta take shiga soket ɗinmu. Adaftar nan ba ta kamawa sosai, ko yaro ya wuce ya taɓa igiyar sai ta saki. Da na gaji sai na shiga wani shago a gari na ce a ba ni caja mai ƙarfi. Yaron shagon ya ɗauko min wata, an rubuta wat 65 ɓaro-ɓaro a jikin kwalin, ya rantse min har kwamfuta tana ɗauka. Tun da na riƙe kan cajar a hannu zuciyata ta ɗarsa, don ba ta fi kwalin ashana nauyi ba. Amma kuɗin bai kai rabin na mai kyau ba, na biya. Na je gida na jona, ina wasa ina kallon lambar batir tana sauka: 60, 55, 48, alhali tana jone da wuta. Kan cajar kuwa ya ɗauki zafin da ba ka iya riƙe shi da hannu. Na koma shagon aka ce ai kaya in sun fita sun fita.

Ban daddara ba, na sayi pawa bank ƙato kamar bulo, an rubuta 50,000 mAh a gefensa, har da tocila a kai. Ashe duk ramukan fitar da wutarsa irin faffaɗan nan ne na da, ramin USB-C ɗin na shigar da caji ne kawai. Waya yana cika ta, amma Deck sai dai in kashe ta in bar ta tun daga isha har asuba.

Abin da ya ƙarasa ta kuwa laifina ne. Watan Maris na je Abuja, na bar ta cikin jakarta a kujerar gaba, jone da pawa bank ɗin, gilasai a rufe, na shiga wani ofis a Wuse tun hantsi ban fito ba sai bayan azahar. Da na buɗe zif ɗin jakar wani hucin zafi ne ya bugi fuskata. Ba ta mutu ranar ba. Bayan 'yan makonni sai na ga in na ajiye ta a tebur ba ta kwanciya daidai, murfin baya ya ɗago ta gefe ɗaya har farce yana shiga. Batiri ya kumbura. Wata biyu ina jiran a kawo min wani, kuma abin da na kashe ya ninka kuɗin cajar da na guje wa sau da yawa. Wallahi har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

Mubarak: Subhanallahi. Allah ya mayar da alheri.

Anti Rabi: Bashir ka tsorata ni. Ta Khalifa kullum ƙarƙashin filo yake cusa ta tana caji don kar babansa ya gani.

Malam Habu Mai Gyara: Hajiya, yau ɗin nan a hana shi. Ba ma don na'urar ba, don katifa. Batirin lithium ba abin da ya tsana kamar zafi, kuma caji shi kansa yana haifar da zafi, sai ka zo ka toshe masa iska. In kin ga bayanta ya fara tudu kar a sake jona ta, kar a danna, kar a huda. A kawo a cire.

Anti Rabi: To Malam, Allah ya saka. Zan karɓe ta da daddare in riƙa sa ta a falo.

Injiniya Nura: Bari in ɗan ƙara a kan maganar Bashir, don lambar nan ta mAh ita ce ake yaudarar mutane da ita a kasuwa. Lambar da ke jikin pawa bank a kan bolt 3.7 aka auna ta. Wato 20,000 mAh daidai yake da 74Wh. Wani kaso yana tafiya a zafi wajen juya wutar, ka ce abin da zai isa na'urarka wajen 60 ne. Deck mai 40Wh zai cika ta sau ɗaya da rabi ke nan. Switch kuwa batirinta wajen 16Wh ne, sai ya cika ta sau uku har da ɗoriya. Wannan yawan ruwan da ke cikin tanki ne. Faɗin famfon da zai fito da ruwan shi ne wat, kuma shi ne mutane ba sa dubawa. Ka juya pawa bank ɗin ka karanta ƙananan rubutun da ke bayansa. Ka nemi PD, wato tsarin caji mai sauri na ramin C, ka nemi inda aka rubuta 15V 3A a layin ramin C. In iyakarsa 5V ko 9V ne, na waya ne, ka ajiye musu kayansu.

Sagir Rogo: Oga Nura, ita Switch ɗin ma sai mai 15V?

Injiniya Nura: A hannu ba ta da tsanani, cajar PD ta waya mai kyau tana riƙe ta. Amma in za ka sa ta a mazauninta ka haɗa da talabijin, nan 15V take nema, cajarta ta asali 15V 2.6A ce. A wannan kam kar ka yi gwaji da wata.

Malam Habu Mai Gyara: Da igiya. Rabin waɗanda suke zuwa min da “ba ta caji” igiya ce. Dole ta zama C kai da kai. Ta yau da kullum iyakarta wat 60, ta wadatar da Deck. Mai ROG Ally, na'urar gem ta kamfanin Asus, da ke son wat 65 ɗinsa cif sai ya nemi mai ɗaukar 100.

Ɗanjuma Bukuru: An taɓo mu. Ally ta fi duk waɗannan ƙarfi, a faɗi gaskiya.

Mubarak: Ƙarfin da kafin ku sauka Hawan Kibo ta mutu?

Ɗanjuma Bukuru: Kai da ka sha biyar a hannuna ranar Lahadi kana da bakin magana?

Mubarak: Hannun da ka ba ni ne maɓallinsa yake maƙalewa, kowa ya gani.

Abba Rikkos: Ni ban gani ba.

Mubarak: Kai dama duk wanda ya ɗauki Madrid ɗan uwanka ne.

Ɗanjuma Bukuru: Maganar gaskiya dai Sagir, tawa ta 2023 ce, ita ma 40Wh, kuma Windows ce a ciki. In na sake mata mara a wat 25 awa ɗaya da 'yan mintuna ne. Ally X ta 2024 aka ninka batirin zuwa 80Wh, amma kuɗinta ba na wasa ba ne. Ni a gida nake wasa kusa da inbata, shi ya sa bai dame ni ba. Ga matafiyi ba zan ce ka saye ta ba.

Bashir Gangare: Kar kuma a ce na kushe Deck. Tun da aka sa sabon batir na koyi zama da ita. Ka danna maɓallin nan mai ɗigo uku, ka shiga wajen batir, ka tsayar da hoton a 30 ko 40 a daƙiƙa, ka rage wat ɗin daga 15 zuwa 8 ko 9, ka rage hasken allo, ka kashe Wi-Fi tunda a hanya ba amfanin da zai maka. Manyan wasanni in ka bar ta yadda take ba ta cika awa biyu. Da wannan saitin, a wasa matsakaici, na tashi daga Jos sai da muka wuce Akwanga ta nemi caji. Tsofaffin wasanni kuwa har Nyanya. Mai OLED da ta fito ƙarshen 2023 batirinta 50Wh ne, ta fi tawa jimiri.

Alhaji Sani: Yaran zamani. Mu Game Boy muka sani, batir huɗu irin na rimot, in ya ƙare ka aiki yaro shago. PSP ma murfi kawai kake zamewa ka sa wani batirin daga aljihu. Yanzu an manne komai da gam.

Malam Habu Mai Gyara: Wallahi Alhaji ka faɗi abin da ke raina. Na Deck ɗin nan sai ka yi ta lallaɓa shi kafin gam ɗin ya saki, kuma hannunka na rawa kar ka huda.

Anti Rabi: Malam, sanyin nan namu fa? Khalifa ya ce da hunturu tasa ta fi saurin mutuwa, na ɗauka wayo ne don a saya masa sabuwa.

Malam Habu Mai Gyara: Yaron yana da gaskiya kaɗan. Da sanyin asuba na Disamba batir yana nuna kasala, amma da ya ji ɗumi yake dawowa, ba lalacewa ba ce. Sanyin Jos bai kai wanda zai yi masa illa ba. Zafi ne mai cin sa har abada. Abu na biyu, barin sa ya mutu murus a jefa a durowa wata da watanni. Su Nintendo cewa suka yi a riƙa caja ta aƙalla sau ɗaya duk wata shida. In za a ajiye, a bar ta da wajen rabi.

Abba Rikkos: Masu barin ta a wuta kullum kuma, Deck da Ally duk suna da inda za ka ce caji ya tsaya a 80. Switch 2 da ta fito Yunin 2025 ita ma tana tsayawa wajen 90 in ka kunna.

Mubarak: Ita awa nawa take yi?

Abba Rikkos: Biyu zuwa shida da rabi. Batirin ya fi girma, 5,220, amma ta fi ci.

Mubarak: Ashe gara tawa.

Sagir Rogo: To batun janareta fa? Mu a unguwa wajen mai cajin waya muke kaiwa.

Injiniya Nura: Kar ka kai na'urar can. Allo ɗaya, soket hamsin, ƙaramin inji yana hawa yana sauka, ga kowa yana zare na wani ya sa nasa. Ka kai pawa bank ɗin ya sha wahalar, kai kuma ka caja na'urar daga jikinsa a gida. In wani abu ya ƙone, mai arahar ne ya ƙone. Haka in an kawo wuta, ka ba ta minti biyar ta daidaita kafin ka jona. Sannan ka duba wat nawa shi pawa bank ɗin yake karɓa, don in a hankali yake sha, wutar awa biyu ba za ta cika shi ba.

Ɗanjuma Bukuru: Ni zan bi jirgi zuwa Legas wata mai zuwa, suna barin mutum da shi?

Injiniya Nura: A jakar hannu, ba cikin kayan da ake aunawa ba. In bai wuce 100Wh ba, wato wajen 27,000 mAh, yawanci ba matsala, amma ka tambayi kamfanin jirgin kafin ranar. Irin bulon Bashir kam a gida.

Bashir Gangare: Yana nan, yara suna haska tsakar gida da tocilarsa.

Sagir Rogo: Ya turo hoton. XAW ce.

Abba Rikkos: Ta farko ke nan, kuma ba ka san shekara nawa batirin ya yi yana aiki ba. Ko ya rage kuɗi sosai ka kai wa Malam Habu ya sa sabo, ko ka nemi XK.

Mubarak: Ko Switch Lite, ta fi sauƙin kuɗi.

Abba Rikkos: Lite uku zuwa bakwai take yi, kuma ba ta hawa talabijin.

Malam Habu Mai Gyara: Sagir, ka ce ya biyo ka da ita shago gobe bayan la'asar, a cike. Mu kunna wasa mai nauyi mu ajiye ta rabin awa muna shan shayi, mu ga nawa za ta sauke. In ya ƙi zuwa ka san amsarka.

Sagir Rogo: In sha Allah Malam. Pawa bank ɗin fa, wanne zan ce a ba ni?

Mubarak: Ɗanjuma, Asabar bayan isha. Kowa ya zo da hannunsa.

Ɗanjuma Bukuru: Ka zo da biyu ma.