Wa ya taɓa hawa wajen igwogin tsibirin Gore a Dakar?

Ɗan Zazzau: Salam jama'a. Bana in sha Allahu za mu Kaulaha Maulidi kuma muna son mu tsaya Dakar mu shiga Gore, kowa Gidan Bayi (gidan tarihin cinikin bayi) yake faɗa min, amma na ji akwai igwogin Yaƙin Duniya na Biyu a saman tsibirin, waɗanda suka je ku ba mu labari.

Hajiyar Fagge: Wa alaikumus salam ɗana. Na je, jirgin ruwa ake shiga daga tashar Dakar, kamar minti 20. Wajen sunansa Kastel, can ƙarshen tsibirin a kan tudu, gwiwata ta ji jiki wallahi, ka sa takalmi mai kyau ka riƙe ruwa. Igwa biyu ne manya a jere a kan gindi ɗaya na ƙarfe, duk tsatsa, bakinsu na kallon teku. Ni dai na fi jin daɗin iskar wajen.

Malam Na Maraɗi: Hajiya ai waɗannan ƙarafan sun yi aiki. Faɗin bakin kowace milimita 240 ne, daga wani tsohon jirgin yaƙin Faransa aka ciro su. Ranar 23 ga Satumba 1940 Janar Digol, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, ya zo da jiragen ruwan yaƙin Ingila yana zaton Dakar za ta bi shi salin alin, sai gwamnan Faransa a Dakar, Boisson, wanda ke tare da gwamnatin Vichy (gwamnatin Faransa da ta sasanta da Jamus), ya ce allambaran, aka yi ta ɓarin wuta har 25 ga wata, ga hazo ya rufe teku ranar farko Ingilishi ba sa ganin abin da suke harbi, igwogin gaɓa na Gore da na Kap Manuwel a bakin tekun Dakar da jirgin yaƙin Faransa Richelieu da ke tasha suna mayar musu, ƙarshe wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Faransa ya illata babban jirgin Ingilishi Resolution suka juya. Mu abin ya shafe mu fa, daga Dakar ake mulkin Nijar lokacin, sai muka zauna ɓangaren Vichy har ƙarshen 1942 alhali Kano da Katsina na hannun Ingila, Cadi kuma ta riga ta bi Digol tun Agusta 1940. Da na tsaya gaban igwar nan abin da na tuna ke nan.

Ummi_Kumasi: Malam na gode, mu mai yi mana jagora tatsuniya kawai ya yi ta zuba mana lol. Abin da ya ban mamaki ƙarƙashin igwogin ne, ɗakunan kankare da lunguna inda sojoji ke ajiye harsashi, yanzu masu zane ne a ciki, wasu 'yan Bay Fal ne (wani reshe na ɗariƙar Muridiyya), sun shanya hotuna suna sayarwa, har shayi suka ba mu. Ka yi sallama kafin ka kutsa, gidan mutane ne yanzu, kuma ka tambaya kafin ka ɗau hoto.

Ɗan Zazzau: To rana ɗaya za ta isa duka?

Ummi_Kumasi: Sosai yayana, tsibirin ƙarami ne ba mota ma a ciki. Ka bi jirgin safe, ka fara hawa Kastel kafin rana ta buɗe, Gidan Bayi kuma ka duba lokacin buɗewarsa don suna rufewa da tsakar rana.