Keken surfanina ya daina karanta faifan fulofi, ko in koma filashi?

Telan Ringim:
Assalamu alaikum. Ina da keken surfani mai kwamfuta, tsohon yayi, wanda nake yin aikin wuyan riga da shi a ƙauyenmu, kuma duk zanen da nake amfani da shi yana kan faifan fulofi ne, wato tsohon faifan ajiyar bayanai na kwamfuta. Tun da hunturu ya shigo ƙura ta yi yawa, gidan faifan yakan karanta yau ya ƙi gobe, ga sababbin faifai sun yi wuyar samu ko a Kano. Na ji ana cire gidan a sa wata na'ura mai karɓar filashi. Shin keken zai amince da ita, kuma me zan duba kafin in saya?

Mai Gyara, Wudil:
Wa alaikumus salam, Malam. Zai amince in ka sayi wadda ta dace da shi. Ƙarancin faifan ba abin mamaki ba ne, tunda kamfanin Sony ya daina yin sa a 2011. Na'urar da aka fi samu ita ce Gotek, girmanta ɗaya da gidan faifai mai inci uku da rabi, kuma keken zai ɗauka fulofi yake karantawa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka san irin faifan da kekenka ke ci, domin akwai mai ɗaukar 1.44MB, akwai kuma mai 720KB, kuma tsofaffin kekuna da yawa na biyun kaɗai suka sani. Duba faifanka: mai rami biyu a kusurwoyinsa shi ne babban, mai rami ɗaya ƙaramin. Sannan ka buɗe ka ƙirga filolin da ke bayan gidan, ko 34 ne masu faffaɗar waya, ko 26 masu siririya. Gefen wayar mai jan layi yana bin fil na ɗaya. Akwai kuma ɗan maɓalli da muke kira jamfa, ba irin wadda kake ɗinkawa ba, wanda in ba a ɗora shi daidai a gurbin da aka rubuta S0 ko S1 a jikin na'urar ba, keken ba zai ga na'urar ba sam.

Baba Tela, Gumel:
Ɗana, ka kwafe zanenka duka zuwa kwamfuta tun faifan suna karantuwa, kafin ma ka taɓa keken. Ni jinkiri ya sa na rasa zanen da na tara shekaru.

Mai Gyara, Wudil:
Gaskiya ne, Baba. Zan ƙara da cewa kada Malam ya zaci girman filashin zai amfane shi kai tsaye. Ana rarraba shi ne gida-gida, kowane gida daidai da faifai ɗaya, ana zaɓensa da maɓallai biyu da lambar da ke fitowa a gaban na'urar. Saboda haka ya rubuta a littafi wane zane ke lamba nawa, kuma sunan kowane zane kada ya wuce harafi takwas.

Telan Ringim:
Allah ya saka da alheri. Na duba, faifaina duka masu rami ɗaya ne. Filolin kuwa sai na gama ɗinkin bikin da ke hannuna zan buɗe in ƙirga.